Ku Haɗa Su Tun Suna Makaranta: Wasiƙa Zuwa Ga Masu Tsara Karatun Ma'aikatan Lafiya

Zuwa ga iyayenmu shugabannin Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, NUC, da Hukumar Kula da Ilimin Fasaha, NBTE, da ke Kaduna, da majalisun da ke ba da lasisin aiki ga likitoci, da nas-nas da ungozomomi, da masu harhaɗa magunguna, da masu gwaje-gwaje, da masu gashin ƙashi, da malaman asibiti.



Allah ya ƙara girma, ya taya ku riƙon amanar da aka ɗora muku. Na san kowannenku da ofishinsa da hatiminsa da dokar da ta kafa shi, amma da gangan na haɗa ku a takarda ɗaya, domin kukan da na kawo ya fi ƙarfin ofishi ɗaya.

Ranku ya daɗe, ni ba likita ba ne, ba kuma malamin jami'a ba. Ina cikin ɗimbin mutanen da asibitin gwamnati ne gatansu idan ciwo ya zo, kuma duk wanda ya taɓa kwana a barandar asibiti da tabarma da fulas ya san abin da zan faɗa. Ban zo da ƙorafi a kan ilimin ɗalibanku ba. Likitocin da kuka yaye suna aiki a Ingila da Saudiyya ana yaba musu, nas-nas ɗinmu kuwa rububinsu ake yi a ƙasashen waje. Kowane ɗaya a cikinsu ya iya aikinsa. Abin da ya rage ku koya musu shi ne yadda za su yi aikin tare.

Kuka na farko a kan mai jinya ne. A asibitocinmu da yawa, wanda ke haɗa likita da sista da ɗakin gwaji da wurin ba da magani ɗan'uwan majiyyaci ne. Likita ya zo zagayen safe, ya rubuta a fayil, ya wuce. Mai jinya ne zai kai jini ɗakin gwaji, ya koma ya karɓo sakamako, ya bi layin biyan kuɗi, ya je wurin magani a ce masa wannan babu sai makamancinsa, ya dawo ya tarar likitan da ya rubuta ya tashi, wanda ya canje shi kuma bai san da zancen ba. Sista ta ce ba za ta ba da abin da ba a rubuta ba, kuma da gaskiyarta. Mai magani ya lura ƙwayoyi biyun da aka rubuta ba za su yi wa mai ciwon ƙoda daɗi ba, amma maimakon ya ɗaga waya ya kira likita, sai ya ce wa mai jinya, “Koma ki gaya musu.” Tsohuwar da ta taso daga ƙauye, wadda ba ta taɓa shiga aji ba, ita aka bar wa isar da saƙo tsakanin masu digiri biyu. Idan saƙon ya zube a hanya, sai a rubuta a fayil cewa majiyyaci bai bi umarni ba.

Na san za a ce ƙarancin ma'aikata ne da rashin kayan aiki, kuma ban musa ba. Sai dai kiran waya ɗaya tsakanin mai magani da likita ba ya jiran kasafin kuɗi. Abin da ke hana shi, wannan yana gudun a ce ya shiga hurumin da ba nasa ba, wancan yana ganin raini ne a gyara masa rubutu. Kuma da wannan hali suka zo asibitin.

Kuka na biyu a kan inda suka samo shi ne. A shekarar farko ta jami'a, ɗalibin likitanci da na aikin jinya da na harhaɗa magunguna suna cika babban zaure ɗaya suna karatun kemistiri da bayoloji. Daga nan hanya ta rabu. Kowa ya shige tsangayarsa, da malamansa, da jadawalinsa, da ƙungiyar ɗalibansa. Wannan ma na waɗanda suka shiga jami'a ke nan. Ɗimbin nas-nas da ungozomomi a kwalejojinsu suke. Malaman asibitin da ke riƙe da ƙauyukanmu kuma suna makarantun kiwon lafiya irin na Kankiya da Jahun da Gwadabawa da Ningi da Tsafe, inda yaro zai iya gama karatu bai taɓa zama da ɗalibin likita sun tattauna majiyyaci ɗaya ba. Shekara biyar ko shida ana cusa wa yaro sunayen ƙasusuwa da jijiyoyi, amma yana iya fita bai san abin da sista ke fama da shi da ƙarfe uku na dare ba, bai kuma san dalilin da ya sa ɗakin gwaji ke dawo da jinin da aka zuba a kwalbar da ba ta dace ba.

Abin da aji bai koyar ba, hira ce ke koyar da shi. Ɗalibin likita yana jin yadda na gaba da shi ke ambaton sauran ma'aikata da zarar sun ba da baya. Ɗalibar jinya tana jin abin da ake faɗa a kan girman kan likitoci a ɗakin canja kaya. Sun zama kamar 'yan uba da aka rena kowa a ɗakin uwarsa: gida ɗaya, uba ɗaya, amma tun kafin su san juna an riga an karanta wa kowa laifin ɗakin can. Ranar da za su fara haɗuwa da gaske a kan gadon mara lafiya ne, kowa riƙe da gabar da ya gada.

Kuka na uku kun fi ni sanin sa. Ranar 1 ga Yuli, 2014, ƙungiyar likitoci ta NMA ta shiga yajin aiki, kuma cikin buƙatunta har da cewa kada a ba wanda ba likita ba muƙamin kwansoltan ko shugabancin asibiti. Ana cikin yajin, ranar 20 ga watan, Patrick Sawyer ya sauka Legas ɗauke da cutar Ebola, kuma ba a janye yajin ba sai a makon ƙarshe na Agusta. A watan Afrilun 2018 gamayyar JOHESU, ta nas-nas da masu magani da masu gwaje-gwaje da sauransu, ta ajiye aiki kusan mako shida tana neman a gyara tsarin albashinta kamar yadda aka gyara na likitoci, NMA kuma ta fito fili ta ce ba ta amince ba. Tun a 2013 gwamnatin Jonathan ta kafa kwamiti ƙarƙashin Alhaji Mahmud Yayale Ahmed domin daidaita tsakanin ma'aikatan lafiya. Kwamiti ya yi aikinsa ya miƙa rahoto, wutar ba ta mutu ba.

Ba ni da hurumin raba gardamar albashi, ban kuma ce manhaja za ta raba ta ba. Wanda aka danne wa haƙƙi dole ya nema. Abin da ke ci mini rai shi ne irin harshen da ake yi da juna. Mutanen da ke wanke hannu a famfo ɗaya suna magana kamar ba su taɓa ganin amfanin juna ba, kowane ɓangare idan ya tafi yaji yana jiran a gane cewa asibiti ba ya tafiya sai da shi. Duk sun yi gaskiya a kan haka, kuma da rayukan talakawa ake tabbatar da gaskiyar. Kwamiti yana samun mutum ne ya yi furfura a kan ra'ayinsa. Ku kuwa yana zuwa hannunku yana ɗan shekara goma sha takwas. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma ɗanyen a wurinku yake.

Ita kanta shekarar 2014 ta nuna aiki tare zai yiwu. Ebola ba ta tambayi muƙami ba. Ta ɗauki ran Dakta Ameyo Adadevoh, ta ɗauki na nas Justina Ejelonu da ke aiki asibiti ɗaya da ita. Abin da ya tsayar da cutar a kan mutum 20 shi ne cibiya guda, wadda aka gina a kan tsarin yaƙi da shan inna, inda likitoci da masu gwaji da masu bin sawu da masu wayar da kai suka zauna teburi ɗaya, suka riƙa bin kusan mutum 900 gida-gida, har Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ƙasar ta rabu da cutar ranar 20 ga Oktoba. Idan tsoro ya haɗa su cikin 'yan kwanaki, me zai hana tarbiyya ta haɗa su cikin shekara shida?

Kuka na huɗu a kan wanda ko rigimar ba a sa shi, wato jami'in walwalar jama'a. Ɗalibinsa yana can tsangayar nazarin zamantakewa, nesa da asibiti. A asibitin kuma sau da yawa ba a tunawa da ofishinsa sai majiyyaci ya kasa biyan kuɗi. Alhali kuwa ciwo da yawa da ke kawo mutanenmu asibiti yana nan a gida yana jiran su koma. Yaron da aka kwantar da tamowa ya murmure, idan ya koma gidan da babu hatsi zai dawo. Dattijon da ɓarin jikinsa ya shanye, a sallame shi da takardar zuwa gashi, ba wanda ya tambaya ko akwai mai ɗauko shi da kuɗin mota. Matar da aka yi wa aikin yoyon fitsari a Babbar Ruga ta Katsina ko a asibitin Murtala na Kano, ɗinki ya tsayar da fitsarin, amma ɗinki ba zai mayar da ita cikin dangin da suka ƙaurace mata ba, ba zai ba ta abin yi ba. Shi ya sa masu wannan aiki suka daɗe da haɗa tiyata da masaukin farfaɗowa da koyon sana'a. A Zamfara a 2010, da gubar dalma ta kashe yara aƙalla 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, likitocin ƙungiyar agaji ta MSF sun san maganin fitar da guba ba zai yi amfani ba muddin yaro zai koma tsakar gidan da aka niƙa dutsen zinariya. Sai da masana muhalli suka kankare ƙasar gidaje, aka shawo kan iyaye da dagatai, sannan magani ya kama. Yaran ƙauyen Bagega kuwa sai da suka jira wannan aiki har 2013.

Ingila da gawar yarinya ta koyi wannan darasi. Victoria Climbié, 'yar shekara takwas da aka ɗauko daga Kwaddibuwa da sunan karatu, ta rasu a Landan a watan Fabrairun 2000 da raunuka 128 a jikinta, a hannun matar danginsu da ke riƙon ta da saurayin matar. Kafin rasuwarta an kwantar da ita a asibitoci biyu, jami'an walwala sun san da ita, 'yan sanda sun san da ita. Kowa ya ga wani yanki, kowa ya rubuta a nasa fayil, kowa ya ɗauka wani ne zai motsa. Binciken Lord Laming da ya fito a 2003 ya nuna an sami dama aƙalla 12 ta ceton ta, kuma bayansa ne dokar yara ta 2004 ta wajabta wa hukumomi aiki tare. Mu ma muna da yaran riƙo, muna da 'yan aikatau da almajirai da ake kawowa asibiti da ƙuna ko karaya, tare da labarin da bai yi kama da raunin ba. Ina roƙonku ku duba manhajojinku ku ga a wane aji ake zaunar da ɗalibin likita da na jinya da na walwala a tambaye su: a irin wannan, wa zai buɗe baki, kuma wa zai gaya wa?

Allah ya ba ku nasara, ba baƙon abu nake roƙo ba. Tun 1988 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da rahoto a kan koyo tare domin aiki tare, ta kuma fitar da cikakken tsari a 2010, inda ta fayyace abin nufi: ɗaliban fanni biyu ko fiye su yi karatu tare, su ƙaru da juna, su san aikin juna. A Suwidin, jami'ar Linköping ta fara haɗa ɗalibanta tun 1986. A 1996 ta buɗe ɗakin kwantar da marasa lafiya inda ɗaliban da suka kusa gamawa, na likitanci da jinya da gashin ƙashi da sauransu, ke riƙe majiyyata na gaske tsawon mako biyu, malamai na tsaye a bayansu. A can ɗalibin likita yana gyara gado, yana taya majiyyaci wanka da cin abinci. Wanda ya taɓa juya ƙaton mutum don kada gado ya ci masa baya ba zai ƙara cewa aikin sista allura ce kawai ba. Ita ma ɗalibar jinyar da ta zauna ta ga yadda ake auna hukunci mai wuya a kan hujja kaɗan za ta gane abin da ke sa likita jinkiri.

Idan Suwidin ta yi nisa, Kano ba ta yi ba. Binciken E-MOTIVE da aka buga a 2023, wanda Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero ke cikin jagororinsa, an yi shi a asibitoci 80 na Najeriya da Kenya da Tanzaniya da Afirka ta Kudu, a kan zubar jini bayan haihuwa. Babu sabon magani a cikinsa. An shimfiɗa wa mai haihuwa leda mai ma'auni don a ga yawan jinin da ya zuba, aka horar da ma'aikatan ɗakin haihuwa a wurin aikinsu su yi matakan ceto a lokaci guda maimakon ɗaya bayan ɗaya, ungozoma ta fara nan take, kowa ya san lokacin da za a kira na gaba. Mummunar zubar jini da abin da take jawowa suka ragu da kashi 60 cikin ɗari. Najeriya kuwa ita ce ƙasar da aka ƙiyasta mata kimanin 82,000 sun rasu wajen ciki da haihuwa a 2020, fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na duniya baki ɗaya. Ma'aikatan Najeriya da aka horar a binciken ɗalibanku ne na jiya. Da sun fito da wannan tarbiyya daga makaranta, mata nawa ne da yanzu suna raye suna renon 'ya'yansu?

Za a ce manhaja ta cika, babu wurin saka ƙari. A watan Disamban 2022 NUC da kanta ta ƙaddamar da sabon tsarin manhaja na CCMAS, ta bar wa kowace jami'a kashi 30 cikin ɗari ta cike da abin da ya dace da ita. Wuri akwai shi, sai dai a rasa niyya. Za a kuma ce haɗa su zai sa kowa ya ɗauki kansa likita. Akasin haka ake gani: wanda ya san aikin ɗan'uwansa shi ya fi sanin iyakar nasa, shi ya fi saurin miƙa abin da ya fi ƙarfinsa. Tun 2014 gwamnatin tarayya ta amince a sauke wasu ayyuka, har da karɓar haihuwa, a kan malaman asibitin karkara da aka horar. Likitan da za su riƙa turo wa majiyyata ya kamata ya san abin da suka iya da abin da ba su da shi a hannu, kafin ya yi wa takardarsu kallon banza. Abin da nake tsoro ɗaya ne: kada a tara ɗalibai ɗari biyar a zaure, a yi musu lacca ɗaya a kan zaman lafiya, a rubuta a rahoto cewa an yi. Zama a benci ɗaya ba ya sa a san juna.

Roƙona bai taka kara ya karya ba. Makarantun likitanci sun riga sun saba tura ɗalibai aikin karkara: Ilori ta daɗe da shirinta na COBES, Kano tana da cibiyarta a Kumbotso. A daina tura kowane fanni a lokacinsa daban. A haɗa ɗalibin likita da na jinya da na magani da na walwala da malamin asibiti a ƙungiya ɗaya, a ba su gidaje kaɗan su bi, su dawo da rahoto guda mai sa hannun kowa. A manyan asibitocin koyarwa na Shika da Kano da Sakkwato da Maiduguri, a ware ɗaki ɗaya da ɗaliban ajin ƙarshe za su riƙe tare, ko da na mako biyu ne, tun daga karɓar majiyyaci har shirin komawarsa gida.

A koya musu miƙa aiki baki da baki: wane ne majiyyacin, me ya faru, me ake tsoro, me ake so a yi. A koya wa ƙarami yadda zai ce, “Likita, ina ganin akwai matsala a nan,” cikin ladabi ba tare da ya haɗiye maganar ba. A koya wa babba ya amsa da “Me kika gani?” maimakon tsawa. Al'adarmu ta girmama na gaba abar alfahari ce, amma ba ta ce a yi shiru a bar rai ya salwanta ba. A gwada wannan a kan mutum-mutumi sau da yawa kafin a kai ga mutum. A kuma gayyato waɗanda suka yi doguwar jinya su zauna gaban ɗalibai su ba da labarin yadda asibiti yake daga ɓangaren tabarma.

Sannan a sa shi a jarrabawa, domin kun fi kowa sanin cewa abin da ba ya fitowa a jarrabawa ɗalibi ba ya karanta shi, abin da ba kwa tambaya ranar da kuka zo tantance makaranta kuma shugabanta ba ya kashe masa kuɗi. Kowace majalisa a cikinku ta sanya wannan a sharuɗɗan tantancewarta. Malamai ma su shiga aji bibbiyu, likita da nas, mai magani da jami'in walwala, don ɗalibi ya ga manya sun saɓa a ra'ayi sun kuma daidaita ba tare da cin mutunci ba. Akwai malaman da ke wannan ƙoƙari nan da can da ƙashin kansu. Ku ba su doka ta tsaya musu, kada aikin ya mutu ranar da suka yi ritaya.

Yaran da za su shiga makarantunku a bana za su yi shekara talatin ko fiye suna aiki a asibitocin ƙasar nan. Su ne za su karɓi haihuwar jikokinmu, su ne za su zama shugabannin ƙungiyoyin da za su zauna teburin sulhu ko su ƙi zama. Halin da za su yi wannan aiki da shi ana rubuta shi ne yanzu, a tarurrukan da kuke shugabanta. Ina roƙonku, don girman Allah, ku sa wannan magana cikin abin da za ku tattauna a zamanku na gaba.

Allah ya yi muku jagora, ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya jiƙan waɗanda suka riga mu.

Wassalamu alaikum.

Naku cikin girmamawa,
Wani ɗanku daga Arewa.